Farfesa Iya Abubakar da Shigowar Kwamfuta Samaru

Ɗalibin da ya taso daga 'Yankara, ya bi ta Funtuwa zuwa Samaru neman ilmin kwamfuta, zai tarar da cibiyar tana ɗauke da sunan Iya Abubakar. A ganinmu, masu rubuta tarihinsa sun cika tsayawa kan rikicin ɗalibai na 1978, wanda ya kawo ƙarshen shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello da ya karɓa a 1975. Alhali kuwa wannan haifaffen Belel, tsohon ɗalibin Barewa, tun a Kambirij ya binciki yadda girgiza ke ratsa ƙasa. Da ya komo gida, a Sashen Lissafin da ya shugabanta ne aikin kwamfuta ya fara kafuwa a jami'ar.