'Yancin Ikilisiya a Tarihin Baptis a Nijeriya

Ɗariƙar Baptis ta samo asali a Amstadam a 1609, a ƙarƙashin John Smyth. Aƙidu biyu ne ginshiƙinta: ba a yi wa jariri baftisma, sai wanda ya furta bangaskiya da bakinsa, kuma kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta. Thomas Bowen ya kawo ɗariƙar ƙasar Yarbawa a 1850. Aƙida ta biyun ce ta ba mabiya na Legas hujjar ɓallewa daga mishan ɗin Amurka a 1888, bayan an sallami mai wa'azinsu, Moses Ladejo Stone. Daga cikinsu ne Mojola Agbebi ya fito, ya ajiye sunansa na Turanci, ya dage a yi sujada da harshen gida da waƙoƙin gida.