Daga Microsoft Word zuwa Christie's: tarihin Osinachi da zamanin NFT

1/ Jama'a, yau zan kawo tarihin wani mai zane ɗan Aba da ya sayar da aikinsa a ɗaya daga cikin manyan gidajen gwanjo na duniya, alhali da manhajar rubuta wasiƙa yake zanen. Akwai darasi a ciki ga duk matashin da ke zane a waya ko kwamfuta. Ku biyo ni.

2/ Sunansa Osinachi, an haife shi a 1991 a Aba, jihar Abiya. Ya yi karatu a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, ya kuma yi aikin laburare. Da farko marubuci yake son zama, shi ya sa ya saba da Microsoft Word.

3/ A cikin Word ɗin nan akwai kayan zana da'ira, layi da murabba'i, waɗanda mu muke tsallakewa. Shi kuwa da su yake haɗa fuska, riga, fure da inuwa, guntu bayan guntu, har hoto ya tashi. Shekaru ya yi yana wannan kafin kowa ya san da shi.

4/ Matsalar mai zanen kwamfuta a wancan lokacin ɗaya ce: me zai sayar? Mai fenti yana da allo guda, in ya sayar ya tafi. Hoton kwamfuta kuwa kowa zai kwafa sau dubu, kwafin bai bambanta da asalin ba.

5/ Nan NFT ta shigo. A sauƙaƙe, shaidar mallaka ce da ake rubutawa a kundin bulokcen, wanda ba mai iya gogewa shi kaɗai. Hoton yana nan kowa na gani, amma kundin ya nuna wa ya ƙirƙira, wa ya saya, da nawa.

6/ Kevin McCoy ya gwada dabarar a 2014 da aikinsa Quantum. A 2017 aka saki CryptoPunks guda 10,000 a kan Ethereum. A wannan shekarar ce Osinachi ya shiga harkar, lokacin da 'yan tsiraru ne a ciki, kusan kowa ya san kowa.

7/ Wannan ne abin da nake so ku lura da shi. Masu zanen farko su ne masu sayen junansu. Wanda ya sayar da aiki ɗaya sai ya sayi na wani, ya tallata shi a Twitter da Discord, ya koya wa sabon shiga yadda ake buɗe asusu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8/ Ga kuma wani sabon abu: a dandalin SuperRare, duk lokacin da aka sake sayar da aiki, mai zanen yana samun kashi 10 cikin 100. A kasuwar fenti ta da, sau da yawa mai zane yana ji yana gani aikinsa zai yi tsada a hannun wani, shi ko sisi.

9/ Sai 2021 ta zo. A ranar 11 ga Maris, Christie's ta sayar da aikin Beeple a kan sama da dala miliyan 69. Hotuna 5,000 ne da ya haɗa, ɗaya kowace rana tun 2007. Daga nan 'yan neman riba suka cika kasuwa.

10/ A Oktoban shekarar, Christie's ta yi gwanjon zanen Osinachi a Landan, jerin da ya kira Different Shades of Water, tare da baje kolin 1-54. Shi ne ɗan Afirka na farko da reshen gidan na Turai ya sayar wa NFT.

11/ Ku tuna, a Fabrairun wannan shekarar Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto, sai Disamban 2023 ya sassauta. Wato masu zanenmu sun sami kasuwar duniya, amma shigo da kuɗin gida ya zama aiki.

12/ A 2022 kasuwa ta faɗi warwas. Saƙon farko na Jack Dorsey da aka saya dala miliyan 2.9, da aka mayar da shi gwanjo, tayin da aka samu a makon farko bai kai dala 300 ba. A 2023 OpenSea ta mayar da biyan kason mai zane ganin dama. Mutane da yawa sun yi asara, har da talakawan da suka shiga a makare.

13/ To me ya rage? Dubi Hic et Nunc, dandali mai arha a kan Tezos. A Nuwamban 2021 mai shi ya rufe shi kwatsam. Da yake ayyukan suna kan kundi, masu zanen suka haɗu suka sake gina shi, daga baya suka sa masa suna Teia.

14/ Ra'ayina kenan: farashi ya zo ya wuce, abin da ya tsaya shi ne aikin hannu da mutanen da suka riƙe juna. Osinachi ya iya zanensa tun kafin NFT, kasuwar ta same shi ne a shirye.

15/ Ɗan'uwa mai zane a Kano ko Damagaram, kar ka ci bashi don ka sayi hoton biri. Ka zauna ka ƙware da abin da ke hannunka, ko da Word ne, ka nemi 'yan'uwanka masu zane ku riƙa duba aikin juna. Allah ya sa albarka a sana'a.