Tsohuwar Hanyar Jirgin Kuza Daga Zariya Zuwa Jos

Duk wanda ya tsaya a Gada Biyu cikin garin Jos yana kallon motocin da suka ɗauki hanyar Zariya, da wuya ya tuna cewa an yi zamanin da jirgin ƙasa ne ke haɗa garuruwan nan biyu kai tsaye. Kuza ce ta jawo wannan jirgi. Kafin zuwansa, 'yan alaro ke ɗaukar ta a ka, su yi kwana da kwanaki a ƙasa har Loko, bakin kogin Binuwai.

Ganin haka sai Turawa suka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, suka kira shi Bauchi Light Railway, domin a lokacin Jos tana cikin Lardin Bauci. Layin ya kai Rahama a 1912, sannan ya hau tsauni ta Jengre ya isa Jos da Bukuru a 1914, nisan mil 143. Da babban layi daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai kasuwar ƙaramin ta fara ci baya. A 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafunansa.

Wasu ƙasashe ba su bar irin wannan hanya ta tafi a banza ba. A Ingila, tsakanin 1979 da 1986, an mayar da tsohon layin Bristol zuwa Bath hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa. A Amurka kuwa, tafarkin Katy na jihar Missouri ya kai kimanin mil 240. Dalili shi ne, jirgi ba ya son tudu mai tsanani, don haka hanyarsa kan yi wa ƙafa da keke sauƙi.

Mu fa? Lebura daga Kano da Katsina da Zazzau, da 'yan ƙasar tsaunin nan, su suka haƙa kuzar da layin ya kwashe. Idan muka bi sawunsa muka raya shi, manomi zai kai kayansa kasuwa a keke, ɗalibi zai taka tarihi da ƙafarsa. Amma ƙasa ba ta jiran mai nawa: inda aka bar fili, gona da gini za su cinye shi. Masu iya magana kan ce, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.