Juyin Halitta da Imanin Ɗalibi: Ina Ainihin Saɓanin Yake?

Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, 'ya'yan manoman Aliero, Jega da Maiyama ke cin karo da ka'idar juyin halitta a darasin ilimin halittu. Da yawansu haddacewa suke yi don cin jarrabawa, a zuci kuwa suna cewa, "Wannan ai karatun da ke cewa daga biri muka fito ne." Wannan maƙala na da'awar cewa batutuwa uku aka cakuɗa wuri guda, kuma muddin ba a rarrabe su ba, ɗalibi zai cutu a iliminsa, ko a imaninsa.

Batu na farko shi ne sauyin da ido ke gani. A 2005 Nijeriya ta daina dogara da kulorokwin wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ya daina aiki. Maganin ya kashe ƙwayoyin cuta masu rauni, masu juriya suka tsira, suka hayayyafa, suka cika gari. Haka abin yake ga manomin Maiyama da ya ga maganin feshi ya daina kashe ƙwari. Sikila ma shaida ce: a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu jinin AS sun fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen sauro, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da shi. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Darwin, mai ka'idar juyin halitta, ya bayyana a 1859. Ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ta Jega da ya ƙi fahimtarsa ba zai gane dalilin da ya sa ake hana shan magani barkatai ba.

Batu na biyu shi ne daɗewar duniya da dangantakar halittu, kuma shaidarsa na ƙarƙashin ƙafarmu. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, cike yake da ɓawon halittun teku, domin teku ya taɓa malale wannan yanki. A 1930 aka bayyana ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono a lardin Sakkwato, a 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma babu irinta a yau. Gani ya kori ji. Alƙur'ani bai ƙayyade wa duniya shekaru ba, bai kuma fayyace yadda aka samar da kowane nau'in dabba ba. Hasali ma, aya ta 20 ta Suratul Ankabut umarni ce da a zaga ƙasa a yi nazarin mafarin halitta.

Batu na uku shi ne asalin ɗan Adam, kuma a nan nauyin yake. Masana kimiyya ba su ce mutum jikan biri ne ba. Cewa suke yi su biyun sun haɗa kaka mai nisa, hujjarsu kuwa kamannin ƙwayoyin gado da ƙasusuwan da aka tono a Habasha da Kenya. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ɓoye ta ga ɗalibi ha'inci ne. Musulmi kuwa ya yi imani da cewa Allah ya halicci Annabi Adamu (AS) ba uwa ba uba. Manazarta irin su David Solomon Jalajel a 2009 da Shoaib Ahmed Malik a 2021 sun nuna cewa mu'ujiza ba ta shiga ma'aunin ɗakin gwaji, don haka kimiyya ba za ta tabbatar da ita ba, ba kuma za ta kore ta ba. Akwai malaman da ba su gamsu ba, muhawarar kuma tana nan. Amma wanda ya ce juyin halitta ya kore samuwar Mahalicci ya bar kimiyya ya shiga falsafa, domin sanin yadda abu ke gudana ba ya amsa tambayar wa ya tsara shi.

Wani zai ce a cire darasin kawai a huta. Arewa ta ga inda wannan hanya ke kaiwa: a 2009 Muhammad Yusuf, jagoran masu yaƙi da karatun boko, ya lissafa ka'idar Darwin cikin dalilansa na haramta boko. Rashin sani ya fi dare duhu. Malam Abdullahi Fodiyo na Gwandu, wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tafsiri, ya kuma rubuta kan lafiyar jiki, bai ɗauki ɗaya kishiyar ɗaya ba.

Kira a nan shi ne malamin kimiyya ya koyar da hujja cikakkiya ba tare da ya taɓa aƙidar ɗalibi ba, malamin addini kuma ya karanci ka'idar kafin ya yanke mata hukunci. Ya kamata Jami'ar Aliero ta haɗa ɓangarorin biyu a zaure ɗaya, ɗalibai su yi tambaya ba tare da tsoron a kira su kafirai ko jahilai ba.