Daga Mazari Zuwa Ƙofar Kamfani: Tunawa da Kakarmu

Duk wanda ya bibiyi tarihin masana'antun Kano zai tarar da sunayen gwamnoni da attajirai da baƙin 'yan kasuwa masu jari. Da wuya ya ci karo da labarin matan da suka ciyar da ma'aikatan waɗannan kamfanoni, suka kuma riƙe gidaje a ranar da injuna suka tsaya. Kakarmu, wadda kowa a zuri'armu yake kira Iya, tana cikin waɗannan mata. Allah Ya ba ta tsawon rai har ta haura shekara 90, kuma rayuwarta ta tafi kafaɗa da kafaɗa da tashi da faɗuwar Bompai da Sharaɗa da Challawa. Na tabbata da yawa daga cikin 'yan wannan ƙungiya tamu za su ga tasu kakar a cikin labarinta.

Tun kafin zuwan injin, Kano ta yi suna wajen tufafi. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya shigo birnin a 1851, ya bayyana yadda ake kai yadin Kano har Timbuktu da Tarabulus. Maza ne suke yawancin saƙa da rini, amma zaren daga hannun mata yake fitowa. A cikin wannan al'ada aka haifi Iya a garinmu, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. Tun tana yarinya ta iya gurzar auduga da shiɓa da kaɗi da mazari. Zamani ne kuma na gyaɗa, domin tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 manoma suka rungumi nomanta, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa, wadda ake dangantawa da sunan Alhassan Ɗantata. A gidan mijinta Iya ta ƙware wajen suyar gyaɗa, da matse mai, da murza tunkuza a yi ƙuli-ƙuli. Wannan sana'a ce ta zame mata jari na har abada.

Bompai ita ce unguwar masana'antu ta farko a Kano. A can aka kafa kamfanonin matse man gyaɗa, da na kwanuka, da na alawa, da na takalma, da masaƙu. Bayan samun 'yancin kai a 1960, samarin karkara da suka saba zuwa ci-rani su koma gida da damina sai suka fara zama dindindin. Kakanmu na cikin waɗanda suka yi wannan ƙaura. Ya sami aikin lebura a wani kamfanin man gyaɗa, ya kama hayar ɗaki biyu a Gwagwarwa, unguwar da ta cika da ma'aikata daga kowace kusurwa, sannan ya aika aka kawo iyalinsa.

Albashin lebura ba ya kai wata, kuma Iya ta gane haka tun da wuri. Da yake matar aure ce a cikin kulle, sai ta mai da tsakar gida wurin sana'a. Kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta dama koko, ta soya ƙosai. Da hantsi ta ɗora ɗanwake, da yamma kuma tuwon dawa da miyar kuka. Yara su ɗauka a kai su kai ƙofar kamfani kafin jiniya ta yi kuka. Mafi yawan masu saye gwagware ne da ba su da mai dafa musu, kuma ba su da kuɗi sai ranar biya. Iya tana ba su bashi, tana zana lissafin kowa da gawayi a jikin bango. Idan wani ya yi rashin lafiya aka yanke masa albashi, sai ta sa hannu ta goge layinsa, ta ce Allah Ya ba shi lafiya.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna har zuwa 1975. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya shigo, dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka buɗe wa attajiran gida ƙofa, masana'antu suka bazu zuwa Sharaɗa da Challawa, inda masaƙu da majemu da kamfanonin roba suka yawaita. Amma a daidai wannan lokaci karkara tana cikin ƙunci. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, sun karya noman da garuruwanmu suka dogara a kai. Samarinmu suka kwararo birni. Ɗakin Iya ya zama masaukinsu na farko. Wanda ya zo da jaka ɗaya zai sami tabarma da tuwo har ranar da aka ɗauke shi aiki, kuma ba ta taɓa tambayar ko ɗan gidan wane ne ba, muddin ya ce daga gida yake. Kafin a kafa ƙungiyoyin ci gaban gari masu shugaba da sakatare, irin waɗannan ɗakuna ne suka haɗa kan 'yan gari a birni.

Bayan rasuwar kakanmu, da ta gama takaba, Iya ta koma wurin babban ɗanta da ke aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Shekaru sun ba ta damar fita da kanta, sai ta kafa rumfa kusa da ƙofar kamfani. Ita ce uwar adashen matan layinsu. Da kuɗin adashe ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ta sayi fili, ta kuma tsaya kai da fata sai an sa jikokinta mata a makaranta lokacin da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta a 1976, duk da cewa hakan ya rage mata masu talla. Ita ba ta yi boko ba, amma ta lura cewa mai riƙe da alƙalami a ofis ya fi mai ɗaukar buhu daɗewa a bakin aiki.

Hausawa na cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kamfanoni suka koma ƙona man janareta. Daga baya yadi mai araha daga Sin ya cika Kantin Kwari. Ɗaya bayan ɗaya masaƙu suka rufe, wasu gine-ginen suka koma ɗakunan ajiye kaya. Babban ɗan Iya yana cikin waɗanda aka sallama, da mata da 'ya'ya bakwai. Masu sayen abinci sun ragu, sai Iya ta koma ga sana'ar ƙuruciyarta. Ta sayo gyaɗa a Dawanau, ta tara surukanta da jikoki, aka shiga suya da matsa. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne suka ciyar da gidan, suka biya kuɗin jarrabawa, har ɗanta ya sami abin yi. Ta sayar da tumakinta biyu ta haɗa masa jari, ba ta kuma taɓa goranta masa ba.

Ta ga sarautar Alhaji Ado Bayero tun daga hawansa a 1963 har rasuwarsa a 2014. Ta yi ciniki da fam da sule, ta yi da naira da kwabo tun da aka sauya kuɗi a 1973. Ko da ƙarfi ya ƙare, ba a raba ta da ɓarar gyaɗa da carbi ba, kuma duk jikan da ya zo gaishe ta sai ta tambaye shi yaushe rabonsa da gida.

'Yan uwa, yawancinmu da ke zaune a ofisoshi a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, da irin wannan gumi aka yi mana karatu. Kamfanoni sun bar takardu da gine-gine, amma waɗannan iyaye ba su bar komai a rubuce ba, kuma kullum raguwa suke yi. Shawarata ga ƙungiyarmu guda biyu ce. Ta farko, a ɗora wa matasanmu aikin zama da tsofaffin da suka rage, a naɗi labarinsu da bakinsu, a riƙa buga shi a wannan mujalla kowace shekara. Ta biyu, a ware wani kaso daga asusun ƙungiya domin ba matan garinmu masu sana'ar gida jari marar ruwa, a kuma kula da maganin tsofaffin da ba su da mai kula da su.

Allah Ya jiƙan Iya da sauran magabatanmu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, Ya ba mu ikon riƙe zumuncin da suka bar mana. Amin.