RAMI MAI WUYAR FITA: TARIHIN DA KE ƘARƘASHIN LABARIN MADE IN ABYSS

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. A kan irin wannan tunani aka gina wani labarin zane na ƙasar Japan mai suna Made in Abyss, wanda Akihito Tsukushi ya fara fitarwa a shekarar 2012. A 2017 kamfanin Kinema Citrus ya mayar da shi fim ɗin zane, irin wanda Japanawa ke kira anime, cikin kashi 13, bisa jagorancin Masayuki Kojima. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun labarin zuwa tushensa guda biyu, wato tsofaffin hikayoyin sauka ƙarƙashin ƙasa da kuma tarihin yaran da aka riƙa turawa ramukan haƙar ma'adinai.

Labarin a Taƙaice

A wani tsibiri akwai ƙaton rami mai faɗin kimanin mita 1,000, wanda ba a san iyakar zurfinsa ba. A bakinsa aka kafa garin Orth, kuma arzikin garin duka ya dogara ne ga kayan mutanen da, waɗanda ake tonowa daga ciki. Ana gane matsayin mai shiga ramin da launin usur ɗin da ya rataya a wuya: ja na 'yan koyo ne, fari kuwa na gwanayen gwanaye. Riko, yarinya 'yar shekara 12 da ta tashi a gidan marayu, ta sami saƙon da ta ɗauka daga mahaifiyarta Lyza ne, cewa tana jiran ta a ƙasan ramin. Sai ta kama hanya tare da Reg, wani mutum-mutumi mai siffar yaro da ya manta asalinsa.

Ramin yana da doka guda da ake kira la'ana. Ba ta taɓa mai sauka, mai hawowa take kamawa. Wanda ya hawo daga mataki na farko jiri da tashin zuciya kawai zai ji. Daga na huɗu jini ne zai riƙa fita ta kowace kafa ta jikinsa. Daga na shida kuwa, ko dai ya mutu, ko ya rikiɗe ya daina zama mutum. Ke nan tun ranar da Riko ta bar gida ta san tafiyar ba ta da dawowa.

Tushe na Farko: Hikayoyin Sauka

Wannan doka ta girmi Tsukushi da dubban shekaru. A wata hikaya ta Sumeriyawa, mutanen da suka zauna a kudancin Iraƙi ta yau, an ce Inanna ta ratsa ƙofofi bakwai zuwa duniyar matattu, ana tuɓe mata kayan ado ɗaya a kowace ƙofa. Da ta tashi fitowa sai aka gindaya mata sharaɗin ta kawo wanda zai maye gurbinta, kuma mijinta Dumuzi ne abin ya faɗa wa. Girkawa su ma suna da Orfiyus, mawaƙin da ya sauka neman matarsa, aka ba shi ita, amma ya rasa ta a hanyar hawowa saboda ya waiwaya. A Japan kanta, littafin Kojiki da aka kammala a shekarar 712 ya kawo labarin Izanagi, wanda ya bi matarsa Izanami zuwa ƙasar Yomi, ya fito a guje shi kaɗai, ya toshe hanyar da ƙaton dutse.

Abin lura shi ne, a duk hikayoyin nan uku, asarar takan auku ne wajen komawa. Haka kuma masu saukar manya ne, da ƙafarsu suka tafi, sun kuma san abin da suke nema. A ƙarni na 19 ne yara suka fara shiga sahu a adabin Turai. Lewis Carroll ya jefa Alice ramin zomo a 1865, shekara guda bayan Jules Verne na Faransa ya kai wani farfesa da ɗan ɗan'uwansa cikin ƙasa ta bakin dutse mai aman wuta. Sai dai su duka sun dawo gida lafiya lau.

Tushe na Biyu: Yaran Mahaƙa

'Yan shekaru kaɗan kafin Alice ta faɗa raminta na mafarki, yaran Ingila na gaske suna wuni a ramukan kwal. Ƙananansu kan zauna cikin duhu har awa 12 suna buɗewa da rufe ƙofofin iska, manyansu kuma suna jan kwanduna a lungunan da babba ba ya iya miƙewa. Ranar 4 ga Yuli, 1838, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya cika ramin Huskar a Yorkshire, yara 26 suka nutse, ƙaraminsu ɗan shekara bakwai. Binciken da ya biyo baya ya kai ga dokar 1842, wadda ta hana mata da kuma yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa.

Japan ma ba ta tsira ba. Yamamoto Sakubei, wanda aka haifa a 1892, tun yana ɗan shekara bakwai ya fara bin iyalinsa ramukan kwal na yankin Chikuho. Da ya tsufa sai ya zana abin da ya gani, har da mata masu jan kaya da goyo a baya. A 2011 hukumar UNESCO ta sanya zane-zanensa cikin kundin abubuwan tarihi na duniya. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin gidan marayun Orth ba, inda ake tura yara tono da fitila a goshi, hukumar gidan kuma ta karɓe abin da suka samo.

Ita ma la'anar ramin tana da 'yar'uwa a tarihin aikin hannu. Lokacin gina gadar Brooklyn a Amurka, leburori sun yi tono a ƙarƙashin kogi cikin manyan akwatuna da aka matsa wa iska. Suna ciki ba su jin komai, amma da sun fito da sauri sai ciwon gaɓoɓi da shanyewar jiki su kama su, wasu har suka mutu. Babban injiniyan aikin, Washington Roebling, ya kamu a 1872, bai kuma ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. A 1878 masanin Faransa Paul Bert ya bayyana dalili: iskar naitirojin da ta narke a jini ce take yin kumfa idan matsi ya ragu farat ɗaya.

Inda Tushen Biyu Suka Haɗu

Wurin haɗuwar shi ne Bondrewd, ɗaya daga cikin masu farin usur, wanda ya kafa sansanin bincike a mataki na biyar. Yakan kwaso yara marasa galihu da alkawarin zai kai su su ga abin al'ajabi, sannan ya saukar da su mataki na shida ya jawo su sama, don ya gano yadda za a juya la'anar daga kan wani zuwa kan wani. Ta haka yarinya Mitty ta ɗauke wa Nanachi la'ana, ta zama halittar da ba ta magana, ba ta kuma iya mutuwa. Fim ɗin da ya fito a Janairun 2020, wanda aka hana 'yan ƙasa da shekara 15 kallonsa a Japan, ya nuna cewa ko Prushka, wadda ya rena a matsayin 'yarsa, ba ta kuɓuta ba.

A nan sharaɗin Inanna ya dawo, wato babu mai hawowa sai ya ajiye wani a madadinsa. Wanda aka ajiye kuwa shi ne yaron Huskar da na Chikuho. Abin da ya fi tayar da hankali game da Bondrewd shi ne ba ya fushi, ba ya zagi. Yana tuna sunan kowane yaro, yana yaba masa, ya kuma gaskata cewa ci gaban ilmi ya cancanci wannan farashi. Masu ramukan kwal na Ingila ma da hujjar ci gaba da ta arziki suka yi adawa da dokar 1842.

Kammalawa

An soki wannan aiki, kuma sukar tana da hujja, domin akwai wuraren da zanen ya wuce gona da iri wajen nuna azaba da tsiraicin yara, ga shi kuma fuskokinsu masu ban sha'awa kan sa iyaye su zaci kallon yara ne. Duk da haka ya lashe kyautar gwarzon anime ta Crunchyroll ta shekarar 2017, aka kuma ci gaba da shi a zango na biyu a 2022.

Darasinsa ga mai nazarin adabi shi ne, hikaya takan adana abin da littafin lissafin kamfani ya tsallake. Ana yi wa mai gina ramin mugunta gargaɗi ya gina shi gajere, don wataƙila shi zai faɗa. Tarihin mahaƙa ya nuna cewa sau da yawa mai ramin yana zaune a sama, ɗan wani ne a ƙasa. Saboda haka duk inda aka nuna mana dukiya ko ilmin da aka haƙo daga zurfi, ya kamata mu tambayi wanda aka tura ya ɗauko, da shekarunsa, da kuma ko ya fito.