Falsafa a Ƙasar Rima: Shehu Abdulƙadir Ɗan Tafa

Akwai wani zato da ya yaɗu tsakanin ɗalibai da ma'aikatan gwamnati, cewa falsafa ilmi ne baƙo wanda ya shigo ƙasar nan tare da jami'o'i, kuma ba shi da wani amfani sai jawo gardama da raunana imani. Tarihin gabashin Sakkwato bai goyi bayan wannan zato ba.

Gardama a kan ilmin hankali tsohuwa ce a duniyar Musulunci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa don rushe wasu da'awoyin masana falsafa, amma sai da ya karanci ilminsu tukuna, kuma bai yar da manɗiƙi ba, watau ilmin auna hujja. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare manɗiƙi a lokacin da Jalaluddin Suyuɗi na Masar yake haramta shi. Ashe ke nan malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin ɓangarorin biyu.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage cikin Daular Usmaniyya shi ne Abdulƙadir bin Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa. An haife shi a 1804, shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Mahaifiyarsa Hadiza 'yar Shehu ce, malama. Mahaifinsa Malam Tafa yana cikin manyan marubutan jama'a. Tasawwufi kuwa wajen kawunsa Muhammadu Sambo ya sha shi. Ya zauna a Salame, arewa da Sakkwato, yana karantarwa a makarantar gidansu, ba nesa ƙwarai da Wurno ba, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, inda kuma aka rufe shi a 1837.

Zamanin ba na hutu ba ne. Gobirawa da Kabawa ba su ajiye makamai ba, dalilin da ya sa aka gina ribaɗai a kwarin Rima ke nan. Amma cikin wannan hali, wajen 1828, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya, inda ya ɗauko ra'ayoyin masu cewa babu kome sai abin da ake taɓawa, da masu jingina kome ga ɗabi'a, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan batun ruhi da ƙarewar duniya da yanayin falaki. Abin lura a nan shi ne hanyar da ya bi. Zagin abokin gardama ba shi da wuya, kowa ya iya. Bayyana hujjarsa yadda shi kansa zai yarda an yi masa adalci, sa'an nan a nuna inda ta karye, wannan shi ne aikin da falsafa take koyarwa, kuma alƙali da malamin makaranta da mai rubuta rahoton ofis duk suna bukatarsa.

Har wa yau shi ne ya rubuta Raudatul Afkar, tarihin ƙasar Hausa, musamman yaƙe-yaƙen Gobir kafin jihadi, littafin da masana tarihi suke dogaro da shi har yanzu. Bajamushen nan Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya sadu da shi a wannan tafiya, ya kuma ɗauke shi mafi ilmi cikin mutanen Sakkwato na lokacin.

Sai dai Ɗan Tafa bai ɗauki falsafa abin rabawa a kasuwa ba. Cikin Uhud wa Mawasiƙ, wanda ya rubuta wajen 1855, ya yi alkawarin gina aƙidarsa bisa ayoyin Alƙur'ani, ya kuma ce ba zai kira kowa zuwa ga ilmin falsafa ba, ko da yake shi ya karɓe shi ta ingantacciyar hanya, ya zubar da kurakuransa. Ana iya ganin tsantseni a nan. Ana kuma iya ganin hasara, domin wannan reshe na ilminsa bai bazu ba kamar fiƙihu da nahawu. Ya rasu a 1864.